Sawun Ƙafarki Cikin Fentin Mariyama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga uwargidana Rabi ta Garu, tare da gaisuwa mai yawa da fatan makwancinki ya yi sanyi. Bayan haka, kin san ban yi lakwal ba, ban iya rubutun boko ba. Ni ke faɗi, autarmu Mariyama ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma guda.

Labarinta na kawo miki. Tun da kinka tahi, yarinyar nan ta ƙi zaman rumfar albasa. Ta wuce Kwatano ta koyo zane da fenti. Na ce ban yarda da zana fuskar mutum ba. Ta ce ita ba ta zana fuska, launi kawai take zubawa ya ɗauki abin da zuciya ta ji. Na ce to wannan ya fi muni, ɓarnar fenti ce. Shekara ukku tana roƙon in sa wa aikin albarka, ni kuwa na kafe. Kin san halina, ba sai na gaya miki ba.

Makon jiya sai ga ta bisa kabu-kabu, rungume da wani allo da ya fi ƙofar ɗakinki faɗi, tablo suke ce mishi. Ta jingina shi ga bango ta ce, "Baba, wannan Inna ce. In ka duba ba ka gan ta ba, na aje fenti, na dawo rumfa har abada." Da gaske take, Rabi.

Na duba. Na matsa, na ja baya, na karkace kai kamar zakara. Rawaya-rawaya ne mai duhu, da layuka lanƙwasassu, shuɗi kaɗan daga gefe, sai wani fili fari a kusurwa. Ba ido, ba hanci, ba tsagar nan taki ta kumatu. Na ce ni ɗaki guda munka kwana da matar nan shekara arba'in da ɗoriya, ba a gwada mini ruwan tsamiya a ce ita ce.

Kwana biyu allon na jingine. Abokaina na kasuwa sunka zo kallo. Alhaji Mamman ya rantse gonar dawa ce bayan iska. Wani bafillace mai kawo mana nono daga ƙauyen Tumbutu ya ce fatar bijimi ce.

Rana ta ukku da hantsi ta ɗauko shi ta shimfiɗa ƙasa tsakar gida, za ta naɗe shi cikin buhu ta jefa bayan rumbu. Ni ko na fito da buta zan wuce, sai na dubi ƙasa.

Rabi, butar ta faɗi.

Shanyar guminki ce! Shinkafar da kike turarawa ki baza bisa tabarma nan wurin, ki shiga ciki ba takalmi, kina jan ƙafa kina tsaga ta layi-layi don rana ta ratsa. Ina za ni gane ta bisa bango? Wa ya taɓa ganin shanya tsaye? Duk rayuwata daga sama nike kallonta, ina tsallakewa kina yi mini faɗa, "Malam, ƙafarka da ƙasa!"

Na ce wa Mariyama, kin san abin da ya sa layukanki duk sunka karkata hagu? Ta ce ba ta sani ba, hannunta ne ke tahiya haka in ta tuna da ke. Sai na zauna na ba ta labarin ranar da kinka zame wajen sauka jirgi bakin ruwan Garu, da kwaryar nono bisa kai, gwiwarki ta hagu ta gurɗe. Nonon bai zube ba, kin fi shekara kina yi mini alfahari da wannan. Tun ranar ba ki ƙara jan layi madaidaici ba. Lokacin ko cikinta ba ki da shi. Ta zana ɗingishinki ba ta san ta zana ba.

Kan farin filin kusurwa ne munka yi gardama. Ita ta ce gurbinki ne, wurin da ya zama wofi da kinka tahi. Na ce a'a, nan ne kike kwashe tafi guda ki watsa wa tantabaru can nesa, kina cewa, "Ku ci naku ku bar mini nawa." Shuɗin ta ce kewa ce. Na ce zaninki ne mai rinin baba, mai zuba, wanda ya rina mini farar riga ranar salla. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce duka biyun daidai ne. Ni dai na san nawa ya fi daidai.

Na ɗora hannu bisa kanta na sa mata albarka, ita da fentinta, gaban matan gida duka. Rumfar albasa na ba ɗan ƙanenki. Jibi za ta koma Kwatano, an ce za a baje zanenta mutane su zo kallo, kuma da ni za a tahi. Sharaɗi guda na kafa, naki ba a rataye shi. Ƙasa za a shimfiɗa shi, mai son gani shi tuɓe takalmi shi sunkuya. Ta ce masu wurin ba za su yarda ba. Na ce su jira in iso.

Kin haifi ɗiya, Rabi. Na so a ce kina nan ki ga yadda take tahiya yau, kamar ƙasa ba ta taɓa ta.

Allah shi jiƙan ki, shi haskaka kabarinki, shi yafe mini shekara ukkun da na tsare wa yarinyar nan hanya. Allah shi sa wa hannunta albarka, shi haɗa mu da ke inda gwiwa ba ta ciwo. Amin.

Naki har kullum,
Garba mai albasa, Malanbil.