Ƙararrawar da Ke Jiran Saƙonka

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da ke kashe ƙishin zuciyata!

Tun ranar da jirgin ruwanku ya tafi shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku, kujerarka a ofis ta zame mini ciwon ido. Kofinka mai tsagaggen baki yana nan kusa da allon kwamfutarka, na hana mai shara taɓa shi. Wace irin teku ce wannan da ta haɗiye har muryarka?

Ka tuna ranar da ka jawo kujera kusa da ni kana koya mini ɗaura mai sauraro a sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajojinmu? Ka ce shi ɗan aike ne da ake zaunarwa a bakin ƙofa, ba ya motsi sai abin da yake jira ya iso. Ka ce in miƙa masa sunan aikin kawai, kada in sa baka biyu, wato alamar ( ), a gabansa, don in na sa, nan take aikin zai tashi tun ba a ƙwanƙwasa ba. Na gyaɗa kai, amma wallahi rabin hankalina yana kan yatsunka.

To, na ɗaura wa akwatin saƙona mai sauraro guda, ya kaɗa mini ƙararrawa da zarar saƙonka ya shigo. Ina tayar da sabar sai ga ƙara! Na zabura har na kifar da shayi, na ɗauki waya na duba. Wayam! Ashe baka biyun nan na sa. Yayata da na ba ta labari ta yi dariya har da hawaye, wai mai koyar da yara manhaja ce soyayya ta mayar ɗaliba. Ni kuwa banɗaki na shiga na yi kukana.

Na gyara shi, masoyina. Yanzu yana zaune lafiya lau, bai taɓa komai ba, bai tashi kowa ba, kuma shirunsa na cina. Ka ce saƙonka na farko zai faɗi ranar da magabatanka za su zo. Baba ya fara tambaya, ni kuma amsa ta ƙare mini. Kana nan kan maganarka kuwa?

Sau da yawa yatsana ya kai kan baka biyun, don in ji ƙarar ko da ta ƙarya ce. Ban mayar ba, ba kuma zan mayar ba. Kai kaɗai za ka kaɗa ta.

Taka, mai sauraronka muddin da numfashi.