Abin da Ka Yi wa Yaya Babba a Talabijin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da jaririyarku, Allah ya raya mana ita. Mu nan lafiya, ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana fita ba sanda. Iyakar labari mai daɗin da nake da shi ke nan.

Auta, mun ga wasan barkwancin da ka rubuta, wanda ake nunawa duk Asabar. Ranar farko Umma ta cika falo da maƙwabta, tana ta bugun ƙirji ɗanta ne ya tsara. Yaya Babba ma ya rufe shagon kafintarsa da wuri, ya zo ya zauna a gaba. Sai ga mutum a talabijin an sako shi daga gidan yari bayan shekara bakwai, ya tsaya ƙiƙam a ƙofar ɗakinsa yana jiran a buɗe masa. Falo ya kece da dariya. Can sai ga shi yana ɓoye burodi cikin safa, yana neman izinin matarsa kafin ya shiga bayi. Dariyar ta fara mutuwa, kowa na satar kallon Yaya. Shekara bakwai, Auta! Ko adadin ba ka canza ba. Har tabon goshinsa ka sa aka zana wa ɗan wasan.

Da aka sako Yaya, ni wata shida na yi ina buɗe wa bawan Allahn nan ƙofa, ina yi kamar wucewa zan yi, don kada ya ji kunya. Kai kuwa ka zo hutu, ka riƙa binsa shago kana cewa hira kake so, ya buɗe maka cikinsa saboda kai ne autansa, ashe rubutawa kake yi. Da na kira ka, har kana da bakin ce min wai ba ka ambaci suna ba, wai wayar da kan jama'a kake yi. To kan jama'a ya waye. Mai waldar da ke kusa da shi ya rataye masa safa da burodi a ƙofar shago. Shugabar makarantar da ta ba shi aikin bencina ta aiko a ce ta fasa. 'Yarsa ta dawo da riga a yage, ta yi dambe a aji. Yau kwana tara ke nan bai ɗauki zarto ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, har yanzu ba ya barin Asabar ta wuce shi. Yana kunnawa a ɗakinsa, ya kashe sautin, ya zauna har ƙarshe don kawai ya ga sunanka ya wuce. Shi ya hana ni rubuto maka, ya ce in ƙyale ka, ka samu hanyarka, kada in ɓata maka. Ban taɓa saɓa masa ba sai yau.

Kada ka kira, kada ka aiko da tsaraba. Ka hau mota ka zo, ka zauna a gabansa.

Umma tana gaishe ka, Gwaggo da matar Yaya ma haka. Ka gaida matarka, ita ba ta yi min komai ba.

Yayarka,
Anti Ƙarama