Lambar da Na Karanto Daga Dama

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya haƙorin ƙaramar, ya fito ko har yanzu tana hana ku barci? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da kika sani, da bakin Inna da shi ma kika sani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Sau biyu ina kiranki kan maganar nan, da na ce "Yaya, akwai matsala" sai ki fashe da dariya ki ce me na ƙulla kuma. Shi ya sa na ari biro na zauna da ɗan ajamina, ko a takarda kya gane ba wasa nake ba.

Fitilun motar Baba ne. Kin san wata huɗu ke nan da ya danƙa min makullinta, tun da gwiwar ta hana shi taka kuloci. Kin kuma san abin da ke riƙe da gidan nan ba fasinjan rana ba ne, matan nan huɗu ne masu ɗinki a masana'anta, da nake ɗaukowa bayan magariba in sauke kowacce a ƙofar gidanta. To yau kwana goma sha biyu, ina cikin tafiya sai fitilun gaba su ɗauke ɗif, duka biyun lokaci guda. Injin na aiki, rediyo na magana, hanya ce kawai ta ɓace. Wani lokaci kafin in ƙirga biyar sun dawo, wani lokaci sai na gangara gefe na kashe motar na jira.

Zan gaya miki gaskiya tun kafin Inna ta riga ni. A watan farko, sau ɗaya tak, na kashe fitilun da hannuna daidai maƙabarta, na ce da matan "Kai, wa ya hura?" Suka ƙwalla ihu, na yi dariya har da hawaye. Babbarsu, wadda suke kira Almakashi saboda yadda harshenta ke yanka, ta kawo ƙarata gida. Baba ya wanke ni tas, na rantse ba zan ƙara ba, kuma ban ƙara ba. Amma yanzu duk sanda suka ɗauke sai in ji Almakashi daga baya: "Ɗan nan, kunna mana, mun gaji da wasanka." In ɗaga mata hannuwa ta gani, ta ce ai da gwiwa nake taɓawa.

Baba ya ce shekara ashirin yana tuƙa ta, fitilarta ko ƙyaftawa ba ta taɓa yi ba. Na kunna a gabansa a ƙofar gida, munafukan suka haska bango tar kamar sabbi. Ya dube ni, ya dube su, ya shige ciki.

Na kai ta wajen mai wayarin ɗin bakin kasuwa, mai gyaran wutar mota. Ya canza ƙwan fitila biyu, ya canza fis, ya bi wayoyi da ɗan gwajinsa, bai ga komai ba. Na gaji, Yaya. Ki yi wa Baba magana, ke yana jin taki.

Ki gaida maigidan. Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Saƙonki ya iso. Na gode da kika kira Baba, ko da yake da ya ajiye wayar cewa ya yi na saye ki ke ma.

Mai wayarin ya turo a kira ni. Ya ce ya gani a wayarsa, kamfanin da ya ƙera irin motarmu ya yi mata kiranye. Wai akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari da ke sarrafa fitilu, idan ya tsufa ya ɗauki zafi sai dalmar cikinsa ta saki, fitilu su mutu, in ya huce su dawo. Wai duk mai irin motar ya kai, za a sa masa sabo kyauta. Wallahi sai da na rungume shi da baƙin man da ke jikinsa.

Da na faɗa a gida, Inna ta dafe ƙirji. Ita kiranye ɗaya ta sani, wanda ake yi wa wanda ya gudu ya bar gida. Ta ce wane marar tsoron Allah ne ya rasa wanda zai yi wa asiri sai tsohuwar mota. Da a da ne, Yaya, sai na kai ta mako tana tofa wa taya addu'a. Yanzu ko ƙarfin tsokanar ba ni da shi, na yi mata bayani kawai.

Baba ya ce in kira su a gabansa. Muka fita wajen motar, na sa wayar a lasifika. Wata mace ta ɗauka bayan mun sha kiɗa har kuɗin wayata ya kusa ƙarewa. Ta ce in karanto mata lambar jikin mota, wadda ke kan ɗan ƙarfe a ƙasan gilashin gaba. Doguwa ce, guda goma sha bakwai, haruffan boko gauraye da lambobi. Haruffan na san sunayensu tun ina yaro a kan lambobin motoci. Na ɗora yatsa na karanto mata ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in maimaita, na maimaita. Muka ji tana danne-danne, sannan ta ce, "Yi haƙuri malam, wannan lambar babu ita a cikin waɗanda aka kira."

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Su da suka ƙera ta sun ce lafiyarta ƙalau. Saura wa?" Ya ce ƙarshen wata zai karɓi makulli ya ba ɗan Kawu, tunda shi ba ya wasa da rayukan mutane. Ɗan Kawu fa, Yaya, wanda ya taɓa shiga kwata da baya rana tsaka.

Saura kwana goma sha tara. Jiya sun ɗauke sau biyu. Na sayi tocila ina ajiyewa a cinyata, ina tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa, motoci na yi min oda a baya. Ƙaramar cikin matan ta fara cewa mijinta ya ce ta nemi wata motar.

A gaida yaran. Naki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa, ya gida, ya aiki? Allah ya sa ƙaramar ta warware. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma na yafe miki dariyar tun yanzu.

Ranar Litinin na ce ba zan mutu a kan maganar mace ɗaya a waya ba. Na bar fasinja na tuƙa har garejin wakilan kamfanin, can ƙarshen gari. Wuri ne mai gilasai da sanyi, ƙasa na ƙyalli har na ji kunyar silifas ɗina. Na yi faki tsakanin sabbin motoci biyu, tamu ta zama kamar kakarsu ta zo biki. Aka ba ni lamba a ɗan kati, na zauna daga hantsi har bayan azahar.

Wani mai farar riga da allon rubutu a hannu ya fito ya leƙa gilashin, ya danna a na'urarsa, ya ce, "Ai tana ciki." Na ce a'a, an ce min babu. Ya ce in karanta masa yadda na karanta. Na ɗora yatsa na fara. Kafin in kai na huɗu ya riƙe ciki don dariya. Daga dama na faro, Yaya. Lambar waya na san daga hagu ake farawa, amma wannan da na ga haruffa a jere, yatsana ya tafi inda ya saba zuwa a kan allo. Sau biyu na karanto wa matar nan daga ƙarshe zuwa farko, da tartili kuwa. Ya kira abokin aikinsa ya ba shi labari, shi ma ya dara, ya ce, "Alaramma, sai ka ja mana baƙi mu ji." Ni da nake sa gari dariya, na tsaya ana yi da ni. Na taya su, ya zan yi.

Na zaci shi ke nan. Ina! Mai farar riga ya ce akwatin babu shi a ƙasa, sai an yi odarsa an kawo, mako biyu ko uku. Kuma ba za su yi odar ba sai mai sunan da ke kan takardun mota ya zo da kansa da katin shaidarsa ya sa hannu. Na ce gwiwarsa ba ta da lafiya. Ya ce doka ce. Na ce to su rubuta min a takarda cewa motar na ciki in kai masa. Ya ce ba sa bayar da wannan sai bayan an sa hannu. Na ce to in fitilun suka kashe ni kafin nan fa? Ya ce shawararsu ita ce kada a tuƙa ta da duhu. Na ce aikina da duhun ne. Ya ɗaga kafaɗa ya kira lamba ta gaba.

Na dawo na zayyana wa Baba komai. Ya saurara har ƙarshe yana shafa gwiwa, sannan ya ce, "Wato ka karanta daga dama." Na ce eh. Ya ce wannan ta fi ta maƙabarta tsari, in ajiye ta in ba abokaina. Ban ga laifinsa sosai ba. Ni kaina da wani ne ya ba ni labarin nan, cewa zan yi ya iya shiri.

Inna ce ta sa baki. Ta ce, "Malam, je ka gani mana. In ƙarya ce ka dawo ka karɓi makullinka da hujja." Ya ce zai je ranar Asabar, ba don ni ba, don a daina damunsa.

Ki sa mu a addu'a. Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya baki ɗaya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, hannuna ma ciwo yake.

Mun je. Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa kotu. Asabar ashe rabin ma'aikata ne, mai farar rigar nan ba ya nan, wanda ke nan bai san da maganarmu ba. Aka ce na'urarsu ta tsaya, a jira. Baba ya zauna kan kujerar ƙarfe, sanyin wurin ya shiga gwiwar, ina ganin yana cije leɓe. Duk bayan ɗan lokaci ya dube ni ya ce, "Ina kiranyen?" Sai gab da za su rufe aka miƙo masa takarda cike da Turanci aka nuna inda zai sa hannu. Ya tambaya ko motarsa na da laifi. Yaron ya ce shi karɓar sa hannu ne kawai aikinsa. Mako ukun kuma ya koma shida.

Muka fito rana ta faɗi. Na yi wa matan waya na ce yau su yi haƙuri. Baba na zaune a gefena. Ni kuma a raina ina roƙon abu biyu da ba sa haɗuwa: Allah ya kai mu lafiya, Allah ya sa su ɗauke.

Bayan gadar nan, inda babu fitilun titi, suka ɗauke. Ina taka birki na ji ihu. Wani mai tura kura ne ɗauke da buhuna, tsakaninsa da bambar motar bai fi kamu biyu ba. Ya zage mu son ransa ya wuce. Na kunna 'yar fitilar ciki. Baba ba hanya yake kallo ba, hannuwana yake kallo a kan sitiyari. Ya miƙa nasa hannun ya murɗa makunnin da kansa, sama, ƙasa, sama. Babu. Ya leƙa gwiwata, tana nesa da komai.

Na kashe motar muka jira, suka ƙi dawowa. Sai ya ɗauki tocilar daga cinyata, ya buɗe ƙofa. Na ce Baba, gwiwarka, bari in nemi mai jan mota. Ya ce, "Biyo ni a hankali." Ya shiga gaba yana ɗingishi, yana haska ƙasa, babbar rigar na jan ƙura, ni ina biye da shi a giya ɗaya har muka kai inda hasken shaguna ya fara. Ban taɓa tuƙi mai nauyin wannan ba.

Da muka shiga gida Inna ta taso tana tambaya. Ya zauna a kan tabarma da ƙyar, ya ce mata, "Motar ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na ajiye makullin a gabansa, ya tura min shi da bayan hannu, ya ce in ɗauke abina in samo masa ruwan zafi.

Amma ya ce motar ba za ta ƙara fita bayan la'asar ba sai akwatin ya zo. Na je da safe na gaya wa matan. Almakashi ta ce, "Ashe da gaske kake, ɗan nan." Sun riga sun yi magana da wani mai bas, mako shida ba wasa ba ne, ban kuma roƙe su ba. Gwiwar Baba ta kumbura, kwana biyu ke nan bai taka ba. Fasinjan rana nake yi, in dawo da wuri in gasa masa ita.

Na ɗauka ranar da ya yarda da ni sai na zagaye unguwa da gudu. Da na gama gasa masa gwiwar a daren nan, kwanciya kawai na yi, ban farka ba sai da rana ta shigo ɗaki.

Idan mai zuwa ya samu, ki aiko masa da man shafawar nan da kika kawo bara, ya ce shi ne ke yi masa aiki. Ba zai tambaye ki da kansa ba.

Ki gaida kowa da kowa. Ƙaninki,
Auta