Hoton da Na Ƙaryata

Unguwar Kwarbai,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Yayata Jamilatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya zafin Jidda, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Ya'u, ya haskaka masa kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Mu nan gida lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida bayan la'asar, ko da yake abinci har yanzu sai an yi ta lallashinta. Ihsan ta koma makaranta. Su'ad kuwa haƙora biyu sun fito mata, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Alhaji Jumare zai tashi Umra jibi, shi zai kawo miki wannan takarda tare da kuka da daddawar da kika ce a aiko. Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da na saba cika miki kunne da surutu. Maganar ce ba ta faɗuwa da baki, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kin tuna ranar Larabar da hoton nan ya faɗo gurup ɗin gida. Sojoji huɗu a kwance gefen wata mota da ta ƙone, fuskokinsu ba su fito ba, an rubuta a ƙasa wai harin jiya ne. Ina shagona na Ƙofar Kuyambana ina wanke wa wani mutum hoton fasfo aka aiko wai in zo maza, Radiya matar Ya'u ta faɗi a ɗakin Iya. Na same ta zaune a ƙasa, ɗankwali a gefe guda, tana riƙe da waya da hannu biyu tana cewa na ukun nan Baban Ihsan ne. Kin san sunan da na yi a unguwar nan. Tun da na kama hoton ambaliyar nan na ƙarya bara, kowa ya ga abu a waya sai ya kawo wa Malam Suhaib ya duba ko gaskiya ne ko haɗi. Har tsofaffin ƙofar masallaci suna jirana in yi musu fatawa. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini daɗi, kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan.

Da wannan kan na karɓi wayar a hannunta. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na shiga karatu. Na ce su dubi ciyawar da mutanen suke kwance a kai, shar take kamar tsakiyar damina, alhali muna cikin rani, ko ganye ɗaya babu a bishiya. Na ce kakin ya yi duhu da yawa, bai yi kama da namu ba. Na ce babu lambar mota, babu sunan gari, kuma hoton ya yi yawo har ya dushe, alamar tsoho ne daga wata ƙasa aka tono shi don a tayar wa mutane da hankali. Radiya ta ce ita ba ciyawa take kallo ba, in dubi hannun hagunsa. Ban duba ba, Yaya. Na yi mata dariyar nan tawa da kike cewa ta rainin wayo ce, na ce hoton da bai nuna fuska ba yaya za a yi ya nuna yatsa. Iya ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Da na koma shago sai na ɗora hoton a kwamfuta, don in ƙara samo hujjar da zan rufe bakin kowa. Na buɗe shi ya cika allon, na ja wajen hannun. Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake, ya kauce wa 'yan'uwansa. Ke kin san yatsan nan, ni kuma na fi kowa saninsa, don ni na datse shi da ƙofar zaure yana ɗan shekara bakwai, kika goya shi zuwa wurin mai ɗori yana ihu. Na zauna ina kallonsa har aka kira azahar. Na gane ƙanina ne. Amma na riga na yi magana a gaban Iya, na riga na ga yadda fuskarta ta saki, kuma na riga na yi wa Radiya dariya. Sai na ce wa kaina masu lanƙwasasshen yatsa ai suna da yawa a duniya. Saƙon muryar nan mai minti shida da na tura gurup, wanda kika amsa da cewa Allah ya bar mana Suhaib, bayan na ga yatsan na ɗauke shi. Wannan ita ce maganar da nake ta kewaye-kewaye don kada in rubuta.

Abin da ya biyo baya kin ji wani, wani kuma ba ki ji ba. Gwaggo Batul ta zo ta wanke Radiya tas, wai ina aka taɓa ganin mace tana kukan mutuwar mijinta yana raye, wannan ai mugun fata ne. Iya ta sa ta wanke fuska ta sa kwalli, ta kira mai lalle ta ƙunsa mata hannu da ƙafa, wai a kori baƙin ciki daga gidan. Yarinyar nan ta miƙa hannu aka ƙunsa, hawaye na zuba. Kullum aka nemi layin Ya'u aka ji shi a kashe, ni ne mai cewa ai babu sabis a daji. Iya ta yi sadakar waina Juma'a biyu a jere, tana roƙon Allah ya dawo mata da ɗanta lafiya. Ni na ɗauki kwanon na kai ƙofar masallaci da hannuna. Kwana goma sha biyu muka yi a haka.

Ranar da mutanen wurin aikinsu suka zo, abin da suka faɗa kawai shi ne ya rasu a bakin aiki, an yi masa sutura tare da abokansa a can. Cikin kuka da salati babu wanda ya tambayi rana. Kowa ya ɗauka sabon abu ne, hoton nan kuwa an riga an gama da shi, tunda Malam Suhaib ya ce na ƙarya ne. Daga nan sai magana ta juya kan Radiya. Tun ana raɗa har aka koma faɗa a fili, wai bakinta ne ya kama shi, ta kira masa mutuwa mutuwa ta amsa. Mata masu zuwa gaisuwa sai su durƙusa gaban Iya su yi ta addu'a, ita kuwa su ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa. Iya ba ta taɓa faɗa da bakinta ba, amma ta daina kiranta 'yata, ta koma cewa uwar yaran nan. Duk wannan a gabana aka yi, ina zaune a zaure ina karɓar gaisuwa, ana yaba mini haƙuri.

Bayan sadakar bakwai wani abokin aikinsa, Saja Sabo, ya zo gaisuwa. Ya ja ni gefe ya gaya mini yadda abin ya faru. Ranar Talata ce, kwana ɗaya kafin hoton ya iso mana. A bakin ruwa suke, wurin fadama ce, ciyawarta ba ta bushewa rani da damina. Kakin kuma da na ce ya yi duhu, jiƙewa ya yi. Ya ce shi kansa ya yi baƙin cikin yadda wani ya ɗauki hoton ya watsa. Ya nemi ya shiga ya gaida Iya, na ce masa tana barci, alhali ina jiyo tarinta daga inda muke. Na raka shi har bakin titi, na tare masa keke napep, na dawo na ci gaba da zama. Wata guda cur na ƙara yi da wannan magana a cikina.

Ranar Laraba da ta wuce na kai wa Radiya maganin zazzaɓin Su'ad. Daga bayan labule ta ce in taimaka in tambayar mata Liman, takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta ko daga ranar da labari ya zo, don ita tun ranar hoton take ƙirga wata huɗu da kwana gomanta. Ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, kowa yana kuskure. Ta ɗauka kuskure na yi, Yaya. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba zagin ba ne. Kwana goma sha biyun nan ne da Ya'u ya yi a ƙasa, duk gidan nan babu mai cewa Allah ya jiƙansa sai ita kaɗai, ita ma a ɓoye cikin sujada, da lalle a hannunta. Sannan ta ce in ta fita takaba za ta koma gidansu da yaran, don ba za ta iya rainon Ihsan a unguwar da za a riƙa nuna ta ana cewa ga 'yar wadda ta kashe mijinta da baki ba. Na ajiye maganin a bakin ƙofa na fita.

Shekaranjiya Juma'a da hantsi na shiga ɗakin Iya. Gwaggo Batul tana nan, na ce a kira Radiya ita ma. Na durƙusa na faɗi komai, yadda na rubuta miki yanzu, ban rage wa kaina ko kalma ɗaya ba. Gwaggo ta fara salati tana tafa hannu, Iya ta ɗaga mata yatsa ta yi shiru. Abin da Iya ta fara tambaya shi ne, ashe duk wainar nan da ta toya ɗanta yana kabari. Na ce haka ne. Sai ta miƙo hannu ta ce in nuna mata hoton, ita da ta ƙi kallonsa tun ranar farko. Na buɗe wayata na ba ta. Iya da ba ta iya zura zare a allura, ko yatsan ba ta nema ba. Ta ce haka yake kwanciya tun yana goye, ƙafa ɗaya a naɗe. Ta tambaya ko babu wanda ya samu ko tsumma ya rufa musu kafin a ɗauka. Daga nan ta ajiye wayar a kan gado, ta zare mayafinta ta lulluɓe ta, ta gyara gefe da gefe a hankali, ta ce Allah ya jiƙanka Ya'u.

Bayan haka ta sauko daga gado da ƙafar nan tata, ta rarrafa zuwa inda Radiya take, ta kama hannunta ta ce 'yata ki yafe mini. Ba zan iya kwatanta miki kukan da aka yi ba. Gwaggo Batul, kin san halinta, yadda ta yaɗa waccan magana haka ta ɗauki wannan, kafin la'asar ta zaga gidaje biyar. Jiya mata sun yi ta shigowa ɗakin Radiya suna zama. Ban sani ba ko za ta fasa tafiya, ban kuma ga fuskar da zan tambaye ta da ita ba. Ni dai ta ce mini ta ji, ba ta ƙara komai a kai ba. Iya kuwa tana amsa gaisuwata, amma ba ta ɗago ta dube ni. Wayar tana nan a kan gadonta a lulluɓe, ban nema ba, ba ta ce in ɗauka ba.

Abin da nake roƙonki ɗaya ne. Ki kira Radiya kafin ki kira kowa. Na san ke ma kin yi mata faɗa a lokacin, kin ce ta daina ɗaga wa Iya hankali, kuma a kan maganata kika yi. Laifin nawa ne, amma muryarki za ta yi mata amfani, don tana jin nauyinki fiye da kowa a gidan nan. Kada ki roƙar mini Iya tukuna. An ce baki shi ke yanka wuya, nawa bakin kuwa wuyan wasu ya yanka, bai kamata in samu sauƙi da wuri ba.

Ki gaida mini maigidanki Malam Nasidi da kyau, ki ce ina yi masa godiyar addu'o'insa. Ki gaida Sani da ƙannensa, ki ce kawunsu yana sa musu albarka. Ihsan ta ce a gaida Umman Jidda, wai kada ki manta da dabinonta. In Allah ya kai ki Harami ki yi wa Ya'u addu'a, ki ƙara masa da ta kwana goma sha biyun da na hana shi.

Wassalam.

Ƙaninki,
Suhaib