Inna, Na Bi Layin Taliyar Japanawa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ladabi, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce 'yarki Hadiza, daga Dubai. Na san wasu za su karanta wannan takarda, ba komai, amma da ke nake.

A kan mai sunanki na rubuto. Ummi ta girma, Inna, ba yarinyar da kika bari tana firamare ba ce. Tun da ta gama karatu a Kano na ɗauko ta, take taya ni a shagona na Al Ras, inda muke haɗa wa 'yan kasuwa abaya da turare mu tura musu ta kago, wato jirgin kaya. A watannin nan sai ta sauya. Da an yi azahar za ta ce ta tafi wajen ƙawarta a Al Qusais, ta dawo gyalenta na warin citta da tafarnuwa. In na tambaya, ta ce girki suka yi. Wace ƙawa ce wannan da ba ta da aiki sai girki? Na zuba ido.

Ran Asabar ta matsa min sai na raka ta wani shagon abincin Japanawa da ake ta yayi a waya. Ramen suke kiran abincin, taliya ce a cikin romo. Ta ce mutane har daga Abu Dhabi suke zuwa dominsa. Na ce to, mu je, don dama ina neman inda zan kama bakin zaren.

Inna, da kin ga layin. Ya fito daga ƙofar shagon, ya bi gefen titi, ya sha kwana. Larabawa, Turawa, Indiyawa, kowa na gumi yana ɗaukar kansa hoto. Ni dai ban yarda ba. Na shekara nawa a kasuwa, na san yadda ake tara mutane a bakin shago don na nesa ya ɗauka alheri ake rabawa. Na ce wa Ummi waɗannan hayarsu aka yi. Ta yi dariya. Ni kuwa na tsaya ina haddace fuskokin masu fitowa, in ga ko wani zai zagaya ya sake shiga layi. Ban kama kowa ba, amma wataƙila sun iya aikinsu ne.

Muna nan har gwiwata ta fara ƙara. Sai ga mai tsaron ƙofar, wani dogo, ya kawo min kujera ba tare da na roƙa ba, ya gaishe ni da Hausar Zangon Gana, yana ce min Mma. Razak sunansa. Ya juya wajen Ummi ya ce, "Au, yau ta ƙofar gaba kika biyo?" Sai ya haɗiye sauran maganar. Ita kuma ta sunkuyar da kai tana taɓa waya.

Na ce a raina, to ga ƙawar Al Qusais nan da gemu.

Kin sha gaya mana kada mu sa hannu a abincin da ba mu san tukunyarsa ba. Don haka na tsare shi da tambaya, rabi don abincin, rabi don in ji irin bakinsa. Na ce masa na ji an ce a ƙasar Japanawa da ƙashin alade suke romon nan. Ya ce a nan ƙashin kaza ne da busasshen kifi, babu alade, babu giya. Na ce ya rantse. Ya ce, "Mma, ni ma mai salla ne, kuma a nan nake cin abincina kullum." Amsar ta yi kyau, har ta so ta yi kyau da yawa.

Da muka samu shiga, sai na ga wurin bai fi zauren gidanmu ba. Doguwar kanta ce da kujeru masu tsawo, ga tururi ko'ina. Ummi ta ce bari ta wanke hannu. Ta tafi, shiru. Na waiga ƙofa don in tabbatar Razak na nan. Yana nan. Na miƙe zan bi sawunta ke nan, sai na hango ta a bayan kantar.

Jikarki ce, Inna, da baƙar rigar girki, ta ɗaure gashinta tsaf, tana tsamo taliya daga tafasasshen ruwa tana kaɗe ta da hannu ɗaya. Wani dattijon Bajapane na tsaye a gefenta ya harɗe hannu yana kallo, bai gyara mata komai ba.

Ita ta kawo min kwanon da kanta. Ta ce, "Mama, ni na murza taliyar nan. Na daɗe ina koyo a nan. Sun ce za su ɗauke ni aiki, su yi min biza. Na kasa faɗa miki a shago, shi ya sa na ce ki fara ci tukuna."

Na ture tsinkayen da suke ci da su, na nemi cokali mai yatsu.

Zan faɗa miki gaskiyar abin da na ci. Romon kamar farfesun kazar da aka bari a wuta har ƙashi ya narke, yana da nauyi a baki, gishiri ya ɗan yi yawa, yaji kuwa ko alamarsa. Ƙwan da suka ɗora bai dahu ba, na ajiye shi gefe. Amma taliyar, Inna. Tana da danƙo a haƙori irin na taliyar murjinki, wadda kike shanyawa a igiya a tsakar gida muna korar kaji. Ban san lokacin da na shanye kwanon ba.

Masu tambaya ko abincin ya kai a sha wannan layi dominsa, ni dai a wurina bai kai ba. Taliya ce da romo, kuma har yau ban gama yarda da layin nan ba. Sai dai ba don an tsayar da ni a rana na yi laushi ba, da wataƙila tun a ƙofa zan ja hannunta mu koma.

A jirgin metro muka koma gida. Shagona na Al Ras saboda ita na gina shi, kin sani. Kuma abin da ya fi ci min rai ba barin shagon ba ne, ɓoyewar ce. Ban ce mata eh ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na shiga kicin ɗin da ƙafata na buɗe kowace kwalba na shinshina, kuma da ta gaya wa dattijon ya yarda. Maganar Razak, ta rantse babu komai. Na ji ta. Amma na sa a bincika min unguwarsu a Kumasi.

Na yi kewarki, Inna. Da kina nan, kallo ɗaya za ki yi mata ki gaya min abin da zan yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ita kuma mai sunanki, Allah Ya tsare mata cikinta da mutuncinta, in alheri ne a wannan tukunya Ya sauƙaƙa mata, ni kuma Ya ba ni zuciyar sakin hannunta. Amin.

'Yarki mai yi miki addu'a kullum,
Hadiza