Bangon Mai Shebur

Zuwa ga ƙanina Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaida matarka, Allah ya saka mata da ban ruwan da take yi wa lemon tsakar gidana. Ni ma da sauƙi, kumburin gwiwar ya sace, sai dai 'yarka ta wajena ta hana ni motsi, wai sai na cika wata biyu a wurinta.

Na san za ka ce me ya hana in kira ka a waya. Kai da bakinka ka ce ƙungiyar ci gaban gari ba ta karɓar magana sai a rubuce. To ga shi a rubuce, Malam Sakatare. Kuma in na ɗauki waya a kan wannan zancen, muryata ba ta kai ni ƙarshensa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya.

Direban motar kasuwa ya gaya mini ofishin tsara gine-gine ya amsa kokenku. Za su turo injiniya ranar Laraba ta sama ya duba, kafin a ba ɗan kwangila izinin cike sauran kududdufin da ke saman gangarenmu ya yi tashar manyan motoci. Ya ce a takardarsu sun rubuta wai gangarenmu ba shi da tarihin ambaliya, abin da ya faru bara kuwa gangancin wani dattijo ne.

Auta, yayanka ne dattijon. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana yashe kwalbatin bakin titi ba wanda ya sa shi, har sunansa ya ɓace ya koma Mai Shebur. Kafin su cike rabin kududdufin, yaushe ruwa ya taɓa fin ƙarfinsa? Ruwa ya saba sauka a can ya huce, aka hana shi masauki, ya taho gaba ɗaya da rana tsaka, yayanka yana cikin kwalbati, ya tafi da shi. Shi ne ganganci. In suka cike sauran rabin, gida goma sha ɗaya ne a gangaren nan, ga makarantar yara a ƙarshensa.

Tarihi suke nema? Yana nan bayan ɗakina, a bangon da ke kallon lambatu. Duk shekara in ruwa ya janye, yayanka zai ɗauko doguwar ƙusarsa ya ja layi daidai inda ruwan ya tsaya, ya rubuta shekarar a gefe. Nakan yi masa tsiya in ce mutane na yi wa bangonsu fenti, shi yana yi wa nasa tsage. Sai ya ce bango ba ya mantuwa, kuma ba ya jin kunyar kowa. Layi ashirin da shida ne. Na farko-farko ba su wuce ƙauri ba. Na shekara uku na ƙarshe, tun da aka fara zuba jar ƙasa a kududdufin, sun haura ƙugu. Na bara ne kawai babu, don babu mai ja.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Ku kai injiniyan gaban bangon nan, ku yi shiru. Don Allah a riƙe Shugaban ƙungiya, ka san in ya buɗe baki har akuya sai ta gaji ta kwanta.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan dubun gaisuwa da girmamawa, ina fatan jiki yana ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Takardarki ta iso ta hannun direba. An karanta ta a zaman ƙungiya na ranar Asabar, an yi wa marigayi addu'a, an kuma adana ta a fayil.

Ina farin cikin sanar da ke cewa shiri ya yi nisa. An kafa kwamiti uku, na tarba, na tsafta da na jawabi. Shugaba ya tunatar da mahalarta cewa rabon garin nan da babban baƙo daga ofis tun buɗe makaranta, saboda haka bai kamata ya same mu kaca-kaca ba, ya je ya ce mutanen nan ba su san ciwon kansu ba. Kowa ya amince. Matasa sun ba da kwana uku, magini ya ba da hannunsa, tela ya ɗauki nauyin ƙyallen maraba.

Batun bango kuwa, an sa shi cikin jerin abubuwan da za a tattauna idan lokaci ya samu.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya, ki bar wa ƙungiya. Lemon ya yi fure. Shebur yana nan jingine a zaure inda kika bar shi, ban taɓa shi ba.

Naki mai biyayya,
Sakatare.

*

Auta,

Na gaishe ka, don ba a raine ni da hana gaisuwa ba.

Kwana takwas ke nan da zuwan injiniya, ban ga takardarka ba. Kai da ko kaza ta haye titi sai ka rubuta rahoto. Sai da na tsare direba da tambaya, yana ta sosa ƙeya, sannan na kira matarka, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba.

Ashe matasa sun yashe kwalbatin tas, har ana ganin hasken rana ta ɗaya bakin. Shekara ashirin da shida yayanka yana bin su gida gida su kama masa, mai ciwon baya da mai ciwon kai. Baƙo zai zo, kowa ya warke. Ashe an share lambatu, an cike ramukan da ruwa ya haƙa. Katangar tela da ta rushe bara, an rufe ta da ƙyallen maraba. Matan da ɗakunansu suka zube an ce su sa kayansu masu kyau su jeru su yi murmushi. Shugaba ya yi jawabin awa ɗaya da rabi, ya fara tun daga kakansa.

Matarka ta ce injiniyan mutumin kirki ne, da littafinsa da abin awonsa ya zo. Sau biyu yana tambaya a nuna masa inda ruwa yake kaiwa. Aka zagaya da shi, duk bangon da ya duba sabon fenti ne shuɗi, ko tabon laka babu. Ya leƙa kwalbati ya ce da ma kowane gari haka yake kula da magudanarsa. Ta ce har tafi kuka yi. Mutum ya kashe muku magana kuna tafa masa.

Kun kira likita, kun yi wa gyambo kwalliya kun rufe. Ba ku taɓa jin ranar wanka ba a ɓoyon cibi ba? Koke kuka rubuta ko gasar tsafta?

Duk wannan da sauƙi. Sai da na ce mata to bangona fa, na ji tana jan hanci. Ta ce, “Yaya, sun shafe shi da siminti.”

Auta, yayanka ba mai rubuta wasiƙa ba ne. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ko “ina gaisuwa” bai taɓa rubuta mini a takarda ba. Rubutun hannunsa duk duniya a bangon nan yake. Tun da ya tafi, in na fita zubar da shara da safe nakan tsaya in sa yatsa a cikin layukan. Na san na shekarar da aka haifi 'yarka, don murna har layin ya karkace. Na san na shekarar aurenka, da ya ja shi da babbar riga a jikinsa ana jiransa. Ban gaya wa kowa ina yin haka ba, don kar a ce tsohuwa ta zare.

Ban ba kowa izini ba. Bangona ne, ba na ƙungiya ba. Na shigo gidanku kana yawo ba wando, ni na wanke ka na kai ka aji ɗaya kana kuka kana riƙe mini zane. Karatun da ka yi ya fi nawa sau goma, amma yau na ga inda ya kai ka. Na rubuto maka da hannuna abin da bangon nan yake, ka karanta a gaban mutane, ka sa a fayil.

Ka gaya mini wanda ya ba magini umarni. In Shugaba ne, ina zuwa, da sandata zan shiga ofishin naku. Kar ka amsa mini da “an tattauna”. Suna nake so.

Matar yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa rahoton injiniya ya fito. Ya rubuta cewa bai ga alamar ambaliya ba, kuma magudana tana aiki yadda ya kamata. An ba ƙungiya mako biyu ta kawo sabuwar hujja, in ba haka ba za a sa wa ɗan kwangila hannu.

Yaya, na ajiye biron ƙungiya. Wannan Autanki ne.

Ba Shugaba ba ne. Shi cewa ma ya yi a tsallake bangonki, a bar wa baƙo ya gani. Ni na koma na ce wa magini kwamiti ya sake shawara. Ni na tsaya a kansa har ya gama.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ranar da abin ya faru, da hadari ya haɗo, marigayi Yaya ya tsaya a ƙofata da shebur biyu da igiya. Ya ce ruwan bana ba irin na da ba ne, in zo ko igiya in riƙe masa daga sama. Na ce masa muna da zama, takardar koke muke tsarawa a kan kwalbatin, in na gama zan biyo shi. Muna can muna gardamar wanda sunansa zai fara zuwa a ƙasan takarda aka shigo da gudu aka ce ruwa ya ci shi.

Tun daga ranar, hanyata ta zuwa ofis ta bayan ɗakinki take. Ba layukan nake gani ba, wurin da babu layi nake gani, can sama da na ƙarshe. Na canza hanya, ƙafata ta dawo da ni. Da aka kawo siminti sai na ga kamar in an rufe zan huta. Ban huta ba, kuma na kashe hujjar gida goma sha ɗaya.

Na tambayi magini ko za a iya ɓamɓarewa. Ya ce sabon shafe yakan taho da tsohon, ba ya ɗaukar alkawari.

Ban nemi ki yafe mini ba. Suna kika ce kina so, ga shi.

Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na dawo tun shekaranjiya, na san ka sani. Ban shirya yi maka magana da baki ba tukuna, shi ya sa na ba matarka wannan.

Ni da magini mun wuni biyu a bayan ɗaki, shi da kurfin sassaƙa, ni da bayan cokali. Allah ya taimake mu yashi ya fi siminti yawa a kwaɓinsa, ya ce in rufa masa asiri. Layi goma sha tara sun fito, har da uku na saman nan da suka haura ƙugu. Bakwai sun tafi. Karkataccen yana cikinsu.

Na san yayanka ya tsaya a ƙofarka ran nan. Ya dawo gida ya ajiye shebur ɗaya, na fara faɗa, ya ce in bar ka. Ya ce, “Shi da biro, ni da shebur, aiki ɗaya muke yi.” Nasa ya tafi da ruwa. Wanda ke jingine a zaure naka ne.

Ka rubuta wa injiniya yau ya dawo, ka faɗa masa abin da kuka yi ba kwana-kwana. Kuma ka sanar da ƙungiya, duk wanda na gani da tsintsiya ko gwangwanin fenti kafin mutumin nan ya zo, ni da shi ne.

Saura layin bara. Tela ya nuna mini inda ruwan ya tsaya, ya fi hannuna tsawo, gwiwar kuma ba ta hawa kujera. Ƙusar tana nan a kan taga. Ka zo gobe da safe ka ja wa yayanka layinsa. Ka danna sosai, yadda yake yi.

Matar yayanka.