Gajerar Dawar da Aka Dama Ranar Makokinki

Zuwa ga mahaifiyata Saratu, wadda take hutawa wurin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus, ɗanki na fari, ma'aikacin reluwe a tashar Kafanchan, wanda jirgi ba ya sauya hanya sai da hannunsa. Ina sanar da ke cewa ni da kaina nake rubuta wannan wasiƙa, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Na shiga ajin manya na majami'armu, kuma malam ya shaida a gaban kowa cewa baƙaƙena sun fi na sauran tsayuwa. Da ma kin ga wannan rana.

Bayan haka, dalilin rubutuna shi ne maganar dawarki.

Ina yaro kika same ta. Muna kewaya gonar bayan dutse, sai kika ga kara ɗaya gajere, bai wuce ƙirjinki ba, ya riga ya nuna alhali sauran ko kai ba su fitar ba. Baba ya ce a jefa wa akuya. Kika yanke zangarniyar, kika ƙulle a bakin zane, kika ce, "Baƙuwa ce ta zo mini, bari in ga abin da ta kawo."

Kowace damina kina shuka ta a gefe guda, kina sa mu korar tsuntsaye tun kafin kowa ya fara. Kawunan da suka fi kyau kuwa sai ki rataye su a madafa, inda hayaƙi ke hana ƙwari. Maƙwabta suna ta yi mata dariya, suna kiranta gajerar Saratu.

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, ruwa ya ɗauke da wuri. Doguwar dawa ta tsaya da kai babu ƙwaya, gajerarki kuwa ta riga ta shiga rumbu. Masu dariyar nan da ita suka yi tuwo. Amma da ruwa ya dawo, kowa ya koma wa doguwarsa, wai karan gajera ba ya yin danga. Ke kaɗai kika riƙe irin.

Da bazarar nan kika tafi, gab da shuka. Jama'a suka zo gaisuwa daga Gwantu, daga Kagoro, daga Zonkwa, har hatsin gida ya ƙare. Matan zumuntar majami'a suka ɗaga kai a madafa, suka ga dawa a rataye. Suka sauke, suka sussuka, suka dama wa baƙi kunu. Ni ina zaune a ƙofar gida cikin babbar riga, ina karɓar gaisuwa yadda ya dace da ɗan fari. Aka miƙo mini ƙwarya, na sha, har na yaba. Sai da Lami ƙanwata ta shiga madafa ta tarar da igiya kaɗai tana lilo. Ban ga laifinsu ba, Mama. Don ƙaunarki suka yi.

Kwanan baya malamin gona ya zo takanas, domin labarin dawarki ya kai masa. Ya bayyana mini cewa a cikin kowace ƙwaya akwai wani rubutu ƙanƙane da ido ba ya gani, shi ke gaya wa shuka tsawonta da lokacin nunarta. Wani lokaci baƙi ɗaya yakan sauya da kansa, sai sabon iri ya fito. Na fahimci wannan sarai, kasancewata mai rubutu. Ya ce masana a ƙasar Turawa sun fara yanka wannan rubutu suna ɗinkewa a jikin ƙananan halittu, amma har yau ba su iya yi wa dawa abin da ya zo gonarki kyauta ba. Ya roƙi ko cikin tafi ɗaya ya kai wurin bincike, a yaɗa wa manoma saboda shekarun fari. Ya buɗe hannu, Mama. Ban sami abin zuba masa ba.

Saura magana ɗaya. A bayan madafa, inda matan suka yi shiƙa, wasu 'yan tsiro sun fito cikin ciyawa. Ban san ko na gajerar ne ba, domin an sheƙe dawa iri-iri a wurin. Na kewaye su da ƙaya. Abokan aikina suna ce mini mai gadin ciyawa, ban kula su ba. Yanzu yawancin tsiron sun wuce kaina, dogaye ne. Ɗaya kaɗai ya tsaya. Jiya na auna shi da tsohuwar sandarki, ya zo daidai inda ƙirjinki yake kaiwa, kuma ya yi ciki, kai na shirin fitowa.

Ubangiji wanda ya aiko miki baƙuwar nan, ya tsare ta daga akuya da tsuntsu, ya ba ki hutawa a gabansa. Idan ta nuna, da hannuna zan rataye ta, kuma zan gaya wa kowa a gidan nan ko mene ne ke kan igiyar. Amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki,
Bitrus.